Fitilun Tabulon Mota: Tambayoyin da Direbobin Tawa Suka Fi Yi Mana

Duk mai riƙe da sitiyari a Tawa, ɗan taksi ne, ko direban Hiace mai lodin Ƙwanni da Yamai, ko ma'aikacin da ya tara kuɗinsa ya sayi tsohuwar Corolla, akwai allo a gabansa mai ƙananan fitilu ja da ruwan ɗorawa da kore. Tabulo muke ce masa. Galibin motocinmu sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kutonu ko Lome, kuma da wuya ka ga wadda ta iso da littafinta. Shi ya sa za ka tarar da mutum ya shekara goma yana tuƙi, bai san wace fitila ce ke cewa tsaya yanzu ba, wacce kuma ke cewa ka ga mai gyara cikin satin nan. Mu masu aikin wayarin mota, ga abin da ake yawan tambayarmu a gareji.

Maigida, ta yaya ma mota ke sanin tana da matsala har ta kunna wuta?

Hanya biyu ce. Ta farko tsohuwa ce kuma babu wuya: wani ɗan makunni ne a jikin inji ko a tankin man birki, waya ɗaya ta taso daga gare shi zuwa ƙwan fitila. Idan abin da yake gadi ya ragu, sai ya haɗa wayar da jikin mota, wuta ta kama. Haka fitilar man inji da ta birkin hannu suke aiki tun zamanin Peugeot 504.

Ta biyu ita ce ta ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke cikinta. Akwai sansa a wurare da yawa: mai auna iskar da ke shiga inji, mai auna zafin ruwa, mai shinshina hayaƙin salansa, mai ƙirga juyawar kowace ƙafa. Kowanne yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta ƙarfin wuta. Ita kuma tun daga kamfani an ajiye mata iyakar da kowane saƙo bai kamata ya ƙetare ba. Da ya ƙetare, ko ya yanke gaba ɗaya, sai ta rubuta lambar laifin ta adana, ta umarci tabulo ya kunna fitila. A sababbin motoci har fitilar mai da ta batir ta wannan hanyar suke bi.

Me ya sa idan na murɗa makulli duk fitilun ke kamawa a tare?

Gwaji ne. Motar na nuna maka cewa kowane ƙwai yana da rai. Wasu za su mutu bayan daƙiƙa kaɗan, irin su ABS, ta tsarin da ke hana ƙafafu ƙullewa a birki, da ta jakar iska. Ta mai, ta batir da ta hoton inji kuwa suna nan har sai inji ya tashi.

Wannan ɗan lokacin shi ne mafi tsada a wurin mai sayen mota, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci. Kafin ka biya ko dala, murɗa makulli zuwa inda tabulo ke kawo wuta, kar ka tayar, ka duba da idonka: ina hoton inji, ina ABS, ina jakar iska, ina butar mai, wato fitilar man inji? Wadda ba ta fito ba, ba lafiyar motar ce ta hana ta fitowa ba. Ko ƙwan ya mutu, ko an cire shi, ko an liƙa masa baƙin salatif daga ciki. Akwai ma waɗanda ke haɗa wayar fitilar inji da ta butar mai don su kama tare su mutu tare. Idan ka ga ta jakar iska ba ta mutuwa sai a daidai lokacin da inji ya tashi, ka yi shakka, don asalinta lokacinta take ƙirgawa, ba ruwanta da tashin inji.

Launukan fa, suna da ma'ana ko ado ne?

Suna da ita, kuma kamfanonin duniya sun daidaita a kan tsari ɗaya, ISO 2575, wanda ya tsara hotunan da launukansu. Ja: haɗari ga inji ko ga rai, a tsaya a duba. Ruwan ɗorawa: akwai abin da ya lalace, mota na iya tafiya, amma a nemi gyara. Kore da shuɗi: sanarwa ce kawai, sigina na aiki ko ka kunna doguwar wuta. A Peugeot, Citroën da Renault akwai kuma babban rubutu ja, STOP, wanda ke rakiyar fitilar mai, ta zafi ko ta birki. Abin da ya faɗa shi yake nufi.

Butar mai ta kama ina cikin tafiya. Zan iya lallaɓawa zuwa gari?

A'a, Alhaji. Ko kana ganin fitilun Badagishiri a gabanka, ka sauka gefen hanya ka kashe inji nan take. A duk tabulo babu fitilar da ta kai wannan gaggawa.

Mutane da yawa sun ɗauka tana nufin mai ya ragu. Abin da take aunawa shi ne ƙarfin da famfo ke tura man da shi cikin inji. Lafiyayyen inji a kan hanya yana tura mai da ƙarfin bar 2 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne), wani lokaci fiye. Makunnin fitilar kuwa a yawancin motoci ba ya motsi sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da rabin bar. Wato kafin ta kama, abu ya riga ya yi nisa. Ƙarafan da ke juyawa a cikin inji sau dubu biyu ko uku a minti ɗaya ba sa taɓa juna, wani siririn shimfiɗin mai ne ke raba su. Da ya yanke, ƙarfe ya hau ƙarfe, cikin mintoci kaɗan inji ya buga. Gyaran da ke biyo baya ya ninka kuɗin jan mota sau da yawa.

Bayan ka kashe, ka jira minti biyar mai ya sauka, ka zaro sandar awo, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Idan man yana ƙasa da alamar ƙasa, ka ƙara har ya zo tsakanin alamun biyu, ka leƙa ƙarƙashin mota ko yana zuba. A hanyoyinmu na burji, ta Keita ko ta Bouza, dutse kan fasa kaskon mai. Ka tayar. Idan fitilar ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku kuma babu ƙara, ka tafi a hankali. Idan mai cike yake amma fitilar na nan, kar ka sake tayarwa. Yana iya zama makunnin ne ya lalace, abu mai araha. Yana iya zama famfo ne, ko rariyar da ke tsotso mai ta toshe da dauɗa. Daga kujerar direba ba ka da hanyar bambancewa, sai an ɗaura geji an auna.

Fitilar man motata ba ta zama, sai dai ta yi ƙyaf-ƙyaf da rana idan na tsaya, da na taka totur ta ɓace.

Wannan tsufan inji ne ke magana. Zafin watan Afrilu da Mayu, da yake wuce digiri 40 a nan, yana tsinka mai ya zama ruwa-ruwa. Idan ƙarafan ciki sun cinye, man na zurarewa ta gefe, famfo ya kasa riƙe ƙarfi lokacin da inji ke aiki a hankali. Man da ya daɗe ba a juye ba, ko na jabu da ake ɗurawa a tsofaffin galan, yana ƙara dagula abin. A auna da geji inji na da zafi, kafin a ce komai. Idan kuwa a kwana ko a birki take ƙyaftawa, mai ne ya yi ƙasa sosai yana gudu gefe ɗaya.

Fitilar zafi, mai hoton ma'auni a cikin ruwa fa?

Ita ce ta biyu cikin masu cewa tsaya. Inji na son aiki a wajen digiri 90. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kimanin bar ɗaya, wanda ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen 120. Idan ja ta kama, an kusa wannan iyakar ko an wuce. Abin da ke fara lalacewa shi ne gasket ɗin kan inji, kuma kan injin motocin yanzu na alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi.

Ka kashe na'urar sanyi, ka tsaya, ka kashe inji, ka ɗaga bonet. Don Allah kar ka taɓa murfin lagireto. Ruwan da ke ciki ya fi tafasasshe zafi, matsi ne kawai ya danne shi, da ka sassauta zai yi tsalle zuwa fuska da hannu. Yaran mota da yawa na ɗauke da tabon wannan. A ba shi aƙalla rabin awa. Kuma kar a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, yana iya tsagewa.

Dalilan da muke gani a nan ba su da yawa: fanka ta daina juyawa saboda fis ko rile, tiyo ya tsage, murfin ya saki, ko gaban lagireto ya toshe da ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari. Sai kuma cikinsa, da ruwan rijiya da na famfo ke cika shi da tsatsa a hankali. Ruwan lagireto na gaskiya, kore ko ja, ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa kuma yana ɗaga iyakar tafasa.

Akwai al'adar da ba na goyon baya, ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, wai na ƙasashen sanyi ne. Aikinsa shi ne ya rufe har ruwa ya kai tsakanin 80 da 90, sannan ya buɗe. Idan babu shi, da safen hunturu inji ba ya kai zafinsa, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara masa mai, ya sha esansi ya kuma cinye da wuri. A wasu injinan ma tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanyar ruwa, idan an cire shi ruwan ya riƙa kewayawa ba tare da ya bi ta lagireto sosai ba, zafin da ake gudu shi za a samu.

Abu ɗaya da ke yaudara: idan ruwa ya zube duka, sansan na iya zama cikin iska, allurar ta sauko. Allura ta hau sama sannan ta faɗo da kanta ba ka yi komai ba, ka tsaya ka duba. Shuɗiyar fitilar zafi da wasu ƙananan Toyota da Honda ke nunawa da safe kuwa, cewa take inji bai ɗumama ba tukuna, za ta mutu da kanta.

Hoton batir ya kama, na sayi sabon batir, bai mutu ba.

Ba laifin batir take faɗa ba, cewa take ba a yi masa caji. Cikakken batir na nuna bolt 12.6 inji a kashe. Inji na aiki, altanato, wanda wasu ke kira dinamo, ya kamata ya ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ya kasa, fitila ta kama, motar kuma ta koma cin abin da ke cikin batir har ya ƙare. Da rana, an kashe rediyo da fanka da na'urar sanyi, za ka iya samun ɗan nisa. Da dare, fitilun gaba a kunne, nisan kaɗan ne.

Kafin ka ci gaba, ka buɗe bonet ka ga ko bel na nan. A motoci da yawa bel ɗin da ke juya altanato shi ke juya famfon ruwa. Idan ya tsinke, fitilar batir ce za ta fara kamawa, ta zafi na biye da ita. Sitiyari ya yi nauyi a lokaci guda, to bel ne. A wannan halin ba a tafiya.

A tsofaffin motoci ƙwan fitilar nan yana cikin hanyar da ke ba altanato wutar farko. Ƙwan ya mutu, caji na iya tsayawa.

To wannan ta hoton inji, da kusan kowace taksi ke yawo da ita a kunne?

Ita ce aka fi raina wa, kuma na san dalili: tana kamawa, mota na tafiya lafiya lau, sai a saba da ita. Asalinta dokar hayaƙi ce ta kawo ta. Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wanda mota ke gano laifinta da kanta da shi, a kan duk motocin da aka sayar a can daga 1996. Turai ta bi da nata, EOBD, a motocin esansi daga 2001, na gazuwal daga 2004. Dokar ta ce duk abin da zai sa hayaƙi ya wuce ƙa'ida, dole mota ta sanar da direba. Shi ya sa fitila ɗaya ke wakiltar ɗaruruwan laifuka, daga murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba, wanda motocin Amurka ke kamawa, har zuwa buji, kwayil, nozul, sansan iska da sansan salansa. A Peugeot da Citroën rubutun Anomalie antipollution kan fito tare da ita.

A ƙasarmu ƙura ce kan gaba. Sansan da ke auna iska siririyar waya ce mai zafi a bayan filtar iska. Iskar hunturu ta cika filtar, ko an busa ta da kwampireso har ta yage, ƙura ta lulluɓe wayar, sai ta riƙa ba da lissafin ƙarya.

Illar barin ta a kunne biyu ce. Idan ƙwaƙwalwa ta daina yarda da wani sansa, sai ta koma aiki da ƙiyasi, kuma ƙiyasin ya fi karkata ga ƙara mai. Ɗan taksi na biyan wannan kullum a gidan mai bai sani ba. Ta biyun ta fi muni: fitilar ɗaya ce tak. Idan tana kunne saboda ƙaramin abu, ranar da babban ya zo ba ta da yadda za ta ƙara gaya maka.

Idan tana ƙyaftawa fa, ba a tsaye take ba?

Wannan daban ne. Wata silinda ce ba ta ƙona manta, ɗanyen esansi na wucewa cikin salansa yana ƙonewa a katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, zafin na iya narkar da shi. Za ka ji mota na karkarwa, ba ƙarfi. Ka sassauta totur, ka rage gudu. Idan ba ta daina ba, ka tsaya. Sau da yawa buji ne ko kwayil ɗaya.

Idan aka sa wa mota kwamfuta, tana faɗin abin da za a canza?

Ba ta faɗi, kuma a nan ne kuɗin mutane ke zubewa. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16. Ana sa na'ura, ta karanto lambar da aka adana: harafi ɗaya da lamba huɗu. P na inji da giya, C na birki da ƙafafu, B na jikin mota, U na wayoyin da ƙwaƙwalwa ke magana da juna ta cikinsu. P0301 na nufin silinda ta ɗaya na tsallake wuta. P0300, tsallaken ba a wuri ɗaya yake ba. P0171, iska ta fi mai yawa. P0420, katalis ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata.

Lambar kamar majiyyaci ne ya ce wa likita cikinsa na ciwo: an san inda za a duba, ba a san cutar ba tukuna. P0171 na iya zama tiyon iska ya tsage, ko famfon esansi ya gaji, ko filta ta toshe, ko sansan iska ya yi datti. Mai gyaran da ya ga lamba ya ce a sayo sabon sansa ba tare da ya auna komai ba, caca yake yi da kuɗinka. Ka nemi a rubuta maka lambar a takarda, ka tambayi abin da aka gwada. Haƙƙinka ne. Ƙananan na'urorin da ake haɗawa da wayar hannu suna da amfani ga mai mota, sai dai yawancinsu inji kaɗai suke karantawa, ba sa shiga ABS ko jakar iska.

An ce idan na cire kan batir fitilar za ta mutu.

A motoci da yawa za ta mutu, ta kuma dawo. Yawancin laifuka sai ƙwaƙwalwa ta gan su a tafiya biyu a jere take kunna wuta, shi ya sa bayan gogewa kake samun kwana ɗaya ko biyu na shiru. Abin da ka yi asara shi ne bayanin da ta adana na lokacin da laifin ya faru: gudun inji, zafinsa, nauyin da yake ja. Mai gyara na buƙatar wannan. Idan an gyara da gaske, ita da kanta take mutuwa bayan tafiya uku lafiya.

Mai sayen mota ya riƙe wannan: na'ura na iya nuna cewa gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa ba su kammala ba, alamar an goge kwanan nan.

Man ƴan ruwa-ruwa na iya kunna fitilar inji?

Yana iya, idan an gauraya shi, ko ya kwana a jarkar da ke da ruwa da yashi. Ba kowane na kwalba ne gurɓatacce ba, kuma akwai ƙauyukan da ba wani zaɓi. Idan dole ce, a tace da kyalle mai tsabta. Fitila ta kama jim kaɗan bayan shan mai, mota na shaƙewa, to ka fara zargin man kafin sansa.

An cire min katalis, an ce ba shi da amfani a nan.

Yana da amfani a wurin mai cirewa, don akwai ƙarafa masu tsada a ciki, falatinam da faladiyam da rodiyam. A motar da ke da sansa a bayan katalis, cire shi na nufin fitilar inji za ta zauna a kunne, sai mu koma matsalar da na faɗa a sama. Hayaƙin kuma ƴaƴanmu ne ke shaƙarsa a bakin titi. Idan ya toshe da gaske, a nemi dalilin da ya toshe shi, galibi inji mai shan baƙin mai ne ko buji da aka daɗe ba a canza ba.

Jar alamar motsin rai cikin da'ira, da kuma ABS, abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Jar ita ce ta birki. Fara da birkin hannu, wataƙila bai sauka duka ba. Idan ya sauka tana nan, man birki ya yi ƙasa. Yana raguwa a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, wannan sananne ne. Raguwar farat ɗaya kuwa yoyo ne. Taka feda: idan ta yi laushi ko tana nutsewa, motar nan ba ta tafiya ko'ina sai an ja ta. Abin da za a zuba shi ne wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Man inji ko man giya na kumbura robobin birki su lalace.

ABS ruwan ɗorawa ce. Idan ita kaɗai ce, birkinki na nan yana kamawa, abin da ya tsaya shi ne tsarin da ke hana ƙafafu ƙullewa a birkin gaggawa. Galibi sansan ƙafa ne ya yi datti, ko gargadar hanya ta tsinka wayarsa. Idan ja da ABS suka kama tare, rabon birki tsakanin gaba da baya na iya lalacewa, bayan mota ya juya da ke. Wannan a ɗauke shi da matsayin ja.

Hoton mota mai zamewa da ke ƙyaftawa a cikin yashi ba laifi ba ne, tsarin hana zamewa ne ke aiki. A Toyota da yawa kuma fitilun wannan tsarin, VSC da TRAC OFF, na kamawa ne kawai don fitilar inji ta kama, da an gyara ta su ma su mutu.

Fitilar jakar iska ba ta hana mota tafiya. Dole ne a gyara?

Muddin tana kunne, ka ɗauka jakar ba za ta buɗe ba ranar haɗari, haka ma abin da ke ɗame bel ɗin kujera. Sau da yawa ƙaramin abu ne, soket mai launin rawaya a ƙarƙashin kujera ya saki, ko wayar da ke naɗe a cikin sitiyari ta tsinke, wanda kan tafi tare da oda. Wani lokaci kuwa motar ta taɓa yin haɗari a can, aka rufe wurin jakar babu komai a ciki. Yaran gareji su kiyaye: ba a taɓa wayoyi masu rawaya da fitilar gwaji, jakar na iya fashewa a fuska.

Wata alama mai kama da kofaton doki da motsin rai a tsakiya fa?

Iskar taya ce. Amurka ta wajabta ta daga 2007, Turai daga Nuwamba 2014. A motocin Amurka tana kamawa idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Iskar taya na sauka da kimanin bar 0.1 a duk faɗuwar digiri 10, shi ya sa take fitowa da asubahin Janairu ta ɓace da hantsi. A auna taya tana sanyi, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma kar a sace iska daga taya mai zafi a tsakiyar tafiya. Idan fitilar ta yi ƙyaftawa na minti ɗaya sannan ta tsaya, sansan ne: batirinsa ya ƙare, ko ya karye a wurin mai faci, ko an canza masa bawul.

Mu masu Hilux da Land Cruiser na gazuwal fa?

Kuna da naku. Hoton naɗaɗɗiyar waya da ke kamawa kafin tayarwa yana cewa ana ɗumama silinda, ka jira fitilar ta mutu. A Volkswagen idan tana ƙyaftawa cikin tafiya, laifin inji take nunawa.

Wadda na fi so ku kula da ita ita ce ta ruwa a filtar gazuwal. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, yana taruwa a gindin filta, wani ɗan abu mai iyo ya taso ya kunna wuta. Ka tsaya, ka sassauta marufin ƙasan filtar, ka danna famfon hannu da ke samanta har ruwan ya fita gazuwal mai tsabta ya biyo, ka ɗaure. Aikin minti biyar ne. Injinan gazuwal na Toyota samfurin D-4D na tura mai da ƙarfin da ya haura bar 1,000, kuma gazuwal ɗin ne ke shafa wa famfo da nozul mai. Ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, gyaran sai dai a tafi Yamai ko a yi odar kaya. Mai bin hanyar Abalak zuwa Agadas, inda ake shan mai daga duro, ya koyi wannan da hannunsa kafin ya tashi.

T-BELT, fitilar bel ɗin da ke daidaita juyawar inji da motsin bawul, ba lalacewa take gani ba, kilomita take ƙirgawa, 100,000 ko 150,000 gwargwadon samfurin. Kar a kashe ta ba a canza bel ɗin ba, don idan ya tsinke fistin na dukan bawul. Sababbin motocin gazuwal na Turai kuma suna da matatar toka a salansa. Idan fitilarta ta kama, motar na son tafiya mai ɗan nisa da gudu daidai, minti ashirin ko fiye, don ta ƙone tokar. Zagayen cikin gari kaɗai na toshe ta.

Hoton sifana ko MAINT REQD?

Tunatarwar juyen mai ce. A Toyota ta Amurka tana zuwa duk mil 5,000, kimanin kilomita 8,000. Ba ta san ingancin man da ke ciki ba. Da ƙurarmu da zafinmu, gara a juye kafin ta yi magana.

Idan fitilar esansi ta kama, saura nawa?

Ya danganta da mota, a ƙananan motoci yawanci lita 5 zuwa 10. Famfon esansi a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, don haka mai yawo kullum da fitilar a kunne yana gajarta ran famfonsa. Ƴar kibiyar da ke gefen hoton famfon tana nuna ɓangaren da murfin tanki yake.

Ina tsakanin Ƙwanni da Dogon Dutsi da dare, wuta ta kama, ban gane ta ba. Me zan yi?

Dubi launi. Idan ja ce, nemi wuri mai faɗi ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka kunna fitilun haɗari, ka kashe inji, ka sauke fasinja zuwa gefen da babu motoci, ka ajiye alama nesa a bayan mota don manyan motocin da ke tahowa. Ɗauki hoton tabulo da waya kafin ka kashe idan da hali, ka tura wa mai gyaranka. Da tocila ka duba abu huɗu: sandar mai, man birki, bel, da ƙarƙashin mota ko wani abu na ɗiga. Ruwan lagireto sai ya huce.

Idan ruwan ɗorawa ce kuma a tsaye take, ka saurari inji, ka dubi allurar zafi, ka gwada birki. Komai daidai, ka ci gaba da matsakaicin gudu zuwa gari na gaba. Idan motar ta ƙi wuce wani gudu ko ta maƙale a giya ɗaya, ƙwaƙwalwa ce ta rage mata ƙarfi da gangan don kare inji, kar ka matsa mata. Tafiyar Tawa zuwa Yamai ta haura kilomita 500, don haka kafin a tashi a sa lita ɗaya ta man inji, jarkar ruwa, ƙaramar kwalbar man birki, fis da bel na ajiya a but.